Daga Wudil Zuwa Kusugu: Yawon Miji da Mata a Ƙananan Birane, Hikima ko Ɓarnar Kuɗi?

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu zan ɗauki maiɗakina mu yi kwana biyar muna zaga garuruwan Jigawa a mota, mu ɓulla ta Daura mu dawo Kano, tambayarta ta farko ita ce, “Wa ya rasu?” Na ce babu kowa. Ta ce, “To bikin wa ake yi?” Na ce babu biki, gani kawai za mu je yi. Ta ɗan yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da uwa take yi idan abu bai kwanta mata ba amma ba ta son ta hana. Yayana yana zaune a bakin ƙofa yana sauraro, shi kuwa bai ɓoye nasa ba. Ya ce, “Kai, a wannan marrar? Mutane suna neman abin sawa a bakin salati, kai za ka ƙona fetur ka je kallon duwatsu da shanu?”

Mun yi tafiyar a Janairun 2025, mun dawo lafiya, amma gardamar da aka fara a ɗakin Hajiya har yau ba ta mutu ba. Na kawo ta nan ne domin na lura ba a gidanmu kaɗai ake yin ta ba, kuma domin hujjojin Yaya suna da nauyin da ya kamata a saurara.

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Kakanninmu sun kai jakuna Gwanja sun ɗauko goro, sun taka a ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu suka zauna a can har jikoki. Almajiri ya tafi gabas, ɗan ci-rani ya tafi kudu. Sai dai kowace tafiya a cikin waɗannan tana da suna da dalili: fatauci, neman ilimi, aikin hajji, zumunci, gaisuwar mutuwa. Wadda ba ta da ko ɗaya daga ciki sunanta yawo, kuma yawo ba kalmar yabo ba ce a bakinmu, balle a jingina ta ga matar aure. Ko “yawon buɗe ido” ɗin ma a rediyo muka fi jin sa, idan ana labarin Turawan da suka zo Yankari ko kallon hawan salla. Saboda haka tambayar Hajiya tana kan hanya. Abin da ta sani ke nan tun tasowarta.

Inda Yaya ya fi kafewa shi ne kuɗi, kuma nan ne ya fi ƙarfi. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin ’yan kwanaki ta haura 500 a Arewa, lokacin da muka tashi kuwa tana wajen 1,000. Zagayen da muka yi ya kusa kilomita 800, motar ta sha lita wajen 90. Ka ɗora kuɗin masauki, da abinci, da tsarabar da ba makawa sai an yi. Yaya ya ƙirga mini da yatsu: buhun shinkafa da ɗoriya, ko kuɗin makarantar yara na zango guda, ko maganin hawan jinin Hajiya na watanni. Ya ce a dangin da akwai marayu da zawarawa, duk nairar da ta tafi a kallo haƙƙin wani aka taka. In kuma tara kuɗin tafiya ake so, ga Umara nan, wadda ake zuwa a dawo da lada.

Ba ni da amsar da za ta rushe wannan gaba ɗaya. Magidancin da bai biya haya ba, ko mai kanti yake binsa bashi, ba shi da hurumin irin wannan tafiya, kuma duk wanda ya zuga shi ya cuce shi. Amma akwai abin da na daɗe ina lura da shi a tsakaninmu. A shekarar da muka yi tafiyar, ankon biki uku aka kawo gidana, kuma duka aka yi. Na ga an kama ɗakin taro na dare ɗaya da kuɗin da ya ninka na tafiyarmu sau da yawa, aka ci, aka zubar da rabi, aka watse kafin sha biyu. Ban ji wanda ya kira wannan almubazzaranci ba, domin an saba da shi. Ashe ba yawan kuɗin ne yake tayar da hankali ba, rashin sabo ne. Sannan a duba inda namu kuɗin ya faɗa: hannun mai dabino a Dutse, mai bandar kifi a Haɗeja, mai shayi a Gumel, mai faci a bakin titi, matar da ta dama mana fura a Kazaure. Masu hali a cikinmu suna kwasar iyali su tafi Dubai ko Alƙahira, a yi musu barka da dawowa. Wanda ya kai nasa ɗan abin garin da ke bayan gidansa bai kamata a fi tuhumarsa ba.

Hujja ta biyu tsoro ce, kuma ba wanda ya zauna a Arewa cikin shekaru goman nan da zai raina ta. Sunayen hanyoyi sun zama sunayen fargaba: Birnin Gwari, Funtuwa zuwa Gusau, Jibiya. Ko jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da mutane suka koma masa don gudun titi, an kai masa hari a 28 ga Maris, 2022. Ban da ɓarayin daji akwai titin kansa. Wata uku kafin tafiyarmu, a daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 suka rasu. Yaya ya ce, “Ka yi tunanin mota ta mace maka bayan magariba, ga mace a gefenka, ba gida gaba ba gida baya. Me za ka gaya wa iyayenta?”

Abin da na ce masa shi ne Arewa ba gari ɗaya ba ce. Jigawa tana cikin jihohin da Allah ya rufa wa asiri, shi ya sa na zaɓe ta, kuma da yamma aka ce in nufa da ban je ba. Mun kafa wa kanmu doka: ba fita sai rana ta fito, ba kwana a hanya, la’asar ta same mu a cikin gari. Kowace safiya nakan tsaya a tasha in tambayi direbobi da ’yan kamasho yadda hanya ta kwana, domin sun riga kowa sani. Duk da haka, tsakanin Malam Madori da Gumel taya ta sace. Ina durƙushe ina kwance noti sai na hango babura uku sun taso daga wata hanyar burji, kowanne da goyo, fuskoki a naɗe da rawani saboda ƙura. Gabana ya faɗi. Na dubi maiɗakina ta gilashi, na ga leɓɓanta suna motsi da addu’a. Suka tsaya, suka yi sallama, babbansu ya ce, “Sannu Alhaji, a kawo hannu?” Kafin in amsa, ɗaya ya karɓi sifana, wani ya kawo dutse ya tare ƙafar baya. Daga kasuwa suke. Da suka gama na miƙa musu ɗan abu, dattijon ya ture hannuna ya ce a sa su a addu’a. Mun yi tafiyar minti goma ba wanda ya yi magana. Kunya ce ta kama mu, ta zargin da muka yi wa bayin Allah, da kuma baƙin cikin yadda zamani ya mai da mu masu firgita da sallamar ɗan’uwa.

Wannan labari ba ya ƙaryata Yaya. Da wasu ne a kan baburan, da wani rubutun ake karantawa yau. Akwai masu cewa idan kowa ya ƙaurace wa hanya an bar wa ɓarayi ƙasa, don haka fita ma jihadi ce. Ban yarda a ɗora wa miji da mata wannan kaya ba, tsare hanya aikin hukuma ne. Abin da na yarda da shi shi ne a zaɓi hanya da ilimi, kuma a gaya wa matar gaskiyar abin da ke ciki, domin ranta ne a motar, ba na mijin kaɗai ba.

Sai hujjar da ta fi ba ni haushi a lokacin, wadda kuma na fi jin daɗin amsawa yanzu. Yaya ya yi shekara ashirin yana bin waɗannan hanyoyi da harkar hatsi. Ya ce, “Me za ku gani? Tasha, kasuwa, masallacin Juma’a, ƙofar fada, sakatariya. Ka ga ɗaya ka ga duka. Tsakaninsu kuwa fili ne fetal, kara da yashi.” Akwai gaskiya a ciki. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, daga jigayin yashinta ma jihar ta samo suna lokacin da aka cire ta daga Kano a 27 ga Agusta, 1991. Kuma a wurare da dama ba allon da zai nuna maka ga abin tarihi nan, sai ka tambayi mutum uku kafin na huɗu ya ce ya taɓa ji. Mai gudun kilomita ɗari a awa, da lissafin buhu a kansa, hakika ba zai ga komai ba.

Mu da muka rage gudu ga abin da muka gani. Ranar Litinin muka haye gadar Wudil muka nufi Birnin Kudu. A gefen garin akwai duwatsu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, masu rumfuna a ƙarƙashinsu, a jikin rumfunan kuma akwai zanen shanu da aka yi tun zamanin da ba wanda ya riska. Masu binciken kayan tarihi sun fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Wani dattijo ya raka mu. Muka sunkuya muka shiga inuwa, idanunmu suka ɗan saba da duhu, sai siffofin suka fara fitowa, ja-ja a jikin dutse, ƙahoni dogaye. Ni ina ta ɗaukar hoto. Ita ce ta ce, “Malam, duba, yawancinsu ba su da tozo.” Na sake dubawa, haka ne. Shanun da muka sani yau masu tozo ne, waɗannan wani iri ne da ya riga su zama a ƙasar. ’Yar manoma ce, ta ga abin da ni mai karatun ban gani ba. Sannan dattijon ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falalen da ke jingine, sai ya yi ƙara kamar ƙarfe, ya matsa gaba ya buga, murya ta sauya. Duk inda ake bugawa ya lotsa ya yi santsi saboda hannayen da suka riga namu. Ya ce a da ’yan mata sukan rako amarya nan su yi kiɗa kafin a kai ta ɗaki. Maiɗakina ta karɓi dutsen ta buga sau uku, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Dutse mun kwana ne kawai, muka hau tsohon garin Garu da safe muka hango dabinai a ƙasa, muka wuce ta Kiyawa da Jahun. Haɗeja ce ta riƙe mu. Garin da Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarni na 19, garin da bai miƙa wuya ga Turawa ba sai a Afrilun 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano, bayan Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Na karanta wannan a makaranta, amma jin sa daga bakin mutumin da yake nuna maka unguwar da aka gwabza daban ne. Washegari muka shiga Baturiya, dausayin da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2008. Hunturu ne, lokacin da tsuntsaye suke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a nan. Dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, da wasu da ba mu san sunansu ba, idan suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar an kaɗa babban zane.

Amma abin da ya zauna mana a rai ba tsuntsayen ba ne. Wani masunci ya nuna mana kachala, doguwar ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin shinkafa. Ya ce a zamanin mahaifinsa ambaliya takan zo da damina ta malale fadama, ta janye da rani ta bar taki da kifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya sauya hali: babbar ambaliyar ta ragu, ɗan ruwan da ake saki kuma ba ya yankewa, abin da kachala take so ke nan. Maiɗakina ’yar Kura ce. Da ruwan Tiga iyayenta suke noman tumatir da shinkafa, da shi aka yi mata kayan ɗaki. Ta tsaya tana kallon mutumin, sannan ta ce a hankali, “Ashe ruwan da muke murna da shi a can, wasu ne suke biyan kuɗinsa a nan.” Ba jaridar da za ta koya mata wannan yadda bakin masuncin ya koya mata.

Gumel, ƙasar Lautai, gidan sarautar Mangawa da ke da jiɓi da Barno, tana da nata salon da ya bambanta da masarautun da suka karɓi tuta daga Shehu. Daga nan muka sammako wa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa. Wanda ya ce duk garuruwan ɗaya ne bai tsaya a karar Maigatari da hantsi ba. Raƙuma a durƙushe suna tuƙa, bijimai daga Nijar, dawaki, jakuna, tumaki Balami masu tsayi kamar maraƙi. Dillalai suna jan hannun mai saye gefe suna raɗa, ’yan canji da naira a hannu ɗaya sefa a ɗaya, Buzaye da Fulani da Barebari da mutanen Kudu, tireloli a jere ana lodin dabbobin da za su kwana biyu a hanya kafin su ga Legas. Naman da ake ci a biranen da ke raina waɗannan garuruwa, daga irin nan yake tasowa.

Na bar babbar hujjata sai yanzu, domin ita ce ta sa na tsaya a inda na tsaya. Ni da Yaya mun san hanya tun muna samari. Namiji a ƙasar Hausa yana ganin duniya ko bai yi niyya ba: aiki ya kai shi, kasuwa ta kai shi, ɗaurin auren aboki ya kai shi. Matata kuwa shekara goma sha biyu a gidana, kuma duk tafiyarta daga gidan biki ce zuwa gidan makoki, a kujerar baya, da yaro a cinya, a sauke ta a ƙofar wani gida ta shige cikin mata, a ɗauko ta da yamma. Ta je garuruwa da yawa ba ta ga ko ɗaya ba. Da Yaya yake cewa ba abin gani, da idon wanda ya ƙoshi yake magana. A hanyar Jahun, inda ƙasa ta buɗe ba abin da ke tare ido sai kuka da gawo da rumbuna, ta sauke gilashi duk da sanyi ta ce, “Malam, dama haka ƙasar nan take da faɗi?” Tambayar ta soke ni, domin ni ne na daɗe ban nuna mata ba. Kuma ba baƙon abu na kawo cikin addini ba. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan fita tafiya da iyalinsa, har ya yi tseren gudu da Nana A’isha a hanya.

Akwai kuma abin da mota take yi wa zance. A gida ba a samun wuri: yara, baƙi, waya, gajiya. Ga kunyar da aka raine mu da ita, wadda take hana miji da mata su zauna ido cikin ido su faɗi abin da ke ransu. A mota kuwa kowa gabansa yake kallo. Ana iya faɗin magana mai nauyi ba tare da an haɗa ido ba, kuma ba inda za a tashi a tafi. A doguwar hanyar da ta kai mu Daura ta gaya mini tana son komawa makaranta, kuma ta shekara biyar tana juya maganar. Ta kuma faɗi wani abu da na taɓa yi mata a gaban ’yan’uwana, wanda ni na manta, ita ba ta manta ba. Zancen bai yi daɗi ba. Mun yi kusan awa guda ba mai ce wa wani uffan. Duk wanda ya ce irin wannan tafiya zuma ce zalla bai yi ta ba, kuma auren da ya riga ya tsage, kwana biyar a ƙaramar mota yana iya ƙarasa shi. Namu dai ya amfana. A bana ta koma karatu.

Sai dai a nan ma masu ja suna da abin faɗa, kuma wannan karon daga bakinta na ji. Hanyoyinmu ba a yi su don mata ba. Namiji ya tsaya ko’ina ya kama ruwa, ya shiga kowane masallaci. Ita kuwa sai da ta rage shan ruwa da gangan, domin bayan gida mai tsabta a gidan mai ko tasha abu ne mai wuyar samu, kuma sau biyu sai sallama muka yi a gidan mutane ta shiga ta yi alwala da salla. A wani masauki, ma’aikacin ya dube mu sama da ƙasa ya tambaye ni ko iyalina ce, da muryar da ta sa ta sunkuyar da kai. Ga kuma ’yan’uwa. A garin da kake da dangi, sauka a otal kamar zagi ne. A Gumel gidan wata goggonmu muka kwana, ni a ɗakin zaure, ita a cikin gida, wato abin da muka fito nema na kaɗaita ya tafi a daren. Amma da safe ta fito da labaran dangina da ni kaina ban sani ba, da kuma yadda ake miyar da ba a yi a Kano. Har yanzu ban yanke ko riba muka ci ko asara a wannan dare ba.

Yaya yana da mata biyu, kuma ya yi tambayar da ba ta taɓa zo mini ba: “Ni wacce zan ɗauka?” Sunna ta nuna ƙuri’a, amma kowa ya san ƙuri’a ba ta hana zuciya ciwo, kuma mai adalci zai so ya yi wa ɗayar irin abin da ya yi wa ’yar’uwarta. Kuɗi ya ninka ke nan, kwanaki sun ninka. Ga yara da za a bar wa wani. Namu uku Hajiya ce ta riƙe su, wato hutunmu a kan gajiyarta aka gina shi. Wannan ma lissafi ne da ya kamata a yi da gaskiya.

Abu ɗaya ya rage da yake damuna. A wani ƙauye kusa da dausayin, yara suka kewaye motar, ƙafafu sun yi furu-furu da kaushi, wasu ba riga a cikin wannan sanyi. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, ta riƙe hannuna ta ce, “Bari, Malam. Mu kallo muka zo, su kuwa rayuwarsu ce.” Na mai da wayar aljihu. Akwai hatsarin mutumin birni ya mai da talaucin ɗan’uwansa abin nunawa a Facebook, ya dawo yana yabon “sauƙin rayuwar ƙauye” alhali ba zai iya kwana biyu a cikinta ba. Maganin da na sani shi ne wanda al’adarmu ta riga ta tanada: ka shiga gari a matsayin baƙo, ka yi sallama, ka gai da mai unguwa, ka nemi izini kafin hoto, ka sayi abin da suke sayarwa ba tare da ka murƙushe su a ciniki ba, ka zauna a tabarma idan an shimfiɗa maka.

Ranar Juma’a muka shiga Daura, kuma ba da shiri ranar ta dace ba. Rijiyar Kusugu tana cikin gini yanzu. Mai kula da ita ya ba mu labarin da kowane ɗan firamare ya sani, na macijin da yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma’a, da baƙon da ya zo da dare ya sare masa kai, da sarauniya Daurama. Masana suna gardama a kan wane ɓangare ne tarihi wane ne almara, amma rijiyar tana nan, da ruwa a ciki. Ya zura guga, muka ji ƙarar faɗawarsa a can ƙasa, ya jawo ya zuba mana. Ta sha, ta cika ’yar gora ta ce ta Hajiya ce.

Da muka fito sallar Juma’a ta ga motocin da ke lodin Kwangwalam, bakin iyaka, ta tambayi inda hanyar ta nufa. Na ce Matamaye, daga nan Damagaram, inda fadar Sultan take da tsohuwar unguwar Birni, garin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mai da ita Yamai. Tun daga ranar take maganar. Ni kuwa ina tuna juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da watannin da iyakar ta yi a rufe, da shingayen da ke hanya, da canjin sefa, da kuɗin makarantarta da ya shigo cikin lissafi. Jiya da dare ta sake tayar da zancen tana ninke kayan yara. Na ji kaina ina jero mata hujjojin Yaya ɗaya bayan ɗaya, kusan da kalmominsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To Malam, ka tambayi direbobin tasha tukuna.” Na ce zan tambaya ranar Asabar.